Gwanin Saye, Ba Gwanin Su Ba

Ba na shan taba, ba na caca, goro ma na haƙura da shi tun da na dawo da zama jihar Idaho ta Amurka, inda samunsa ya fi samun biza wuya. Abin da ke cinye mini albashi shi ne kayan kamun kifi. Kuma ba kowane kifi ba, wani ɗan kifi ne guda da ake kira kokani, wanda akasarinsa bai wuce tsawon gwiwar hannu zuwa yatsu ba, nauyinsa kuwa da ƙyar ya haura rabin kilo. Kada mai karatu ya ɗauka kamun ne ke cin kuɗin. Kamu ba ya cin komai, don ba na yawan yinsa. Sayen kayan ne cutar.

Kokani asalinsa kifin salmon ne, jinsin da ake kira sokai, wanda ke zuwa teku ya girma sannan ya komo kogin da aka ƙyanƙyashe shi ya yi ƙwai ya mutu. Shi kokani ɗan gidan ne da ya ƙi fita. A tafki yake rayuwarsa duka, shekara uku zuwa huɗu galibi, yana fari fat kamar azurfa, sai idan lokacin ƙwai ya zo da kaka jikinsa ya rine ja, kansa ya yi kore, namijin bakinsa ya lanƙwashe, ya hau rafi ko gaɓar tsakuwa ya gama aikinsa ya mutu. Namansa ja ne mai maiƙo, kuma idan aka banda shi da hayaƙi babu wanda zai ci ya ce a ba wa maƙwabci saura. Nan kusa da birnin Boise akwai shi a dam ɗin Lucky Peak da Arrowrock, ga kuma Anderson Ranch idan mutum ya ɗan ƙara tafiya.

Ga inda matsalata ta samo asali. Wannan kifi ba ya farautar ƙananan kifaye. Abincinsa wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne da ke yawo a ruwa, waɗanda ido ke gani da ƙyar, yana tace su da wasu siraran haƙora kamar matsefi da ke cikin maƙogwaronsa. Wato duk abin da masunci zai ɗaura a ƙugiya, ba abincin kokani ba ne, bai ma yi kama da shi ba. Masana harkar suna cewa haushi ne ke sa ya kai cizo, ko son sani, ko kishin wurinsa. Kowa da tasa. To, duk inda aka ce kowa da tasa, nan mai kanti yake kafa rumfa, nan kuma irina suke yin layi. Da a ce kifin tana yake ci, da na tona bayan gida na huta.

Yadda ake kamun ba wani asiri ba ne. Jan fatsa ake yi a bayan kwale-kwale mai inji, ana tafiya a hankali, mil 1 zuwa 1.5 a awa, saurin da tsoho mai sanda zai wuce ka a ƙafa. A igiyar ana ɗaura wani ɗan faifan ƙarfe mai walƙiya, tsawon inci 4 zuwa 6, masunta na ce masa doja. Aikinsa rangaji, dama da hagu, yana walƙiya yana kaɗa ruwa don ya jawo hankalin garken. A bayansa, da tazarar inci 8 zuwa 12, sai ɗan tuntun roba mai ƙananan ƙugiyoyi biyu. Tuntun ba shi da motsin kansa, rangajin dojan ne ke fizgarsa, shi ya sa ake gajarta tazarar. Idan ta yi tsawo sai ya riƙa bin baya shiru kamar tsumma. Wasu maimakon tuntu sukan sa jerin duwatsun ado da ɗan ƙarfe mai juyawa, shi kuma ana ba shi tazara mai ɗan tsawo don yana da nasa motsin. A bakin kowace ƙugiya sai a soka ƙwayar farar masarar gwangwani. Shi ke nan. Da doja biyu, tuntu huɗu da gwangwanin masara ɗaya, mai hankali zai yi shekara.

Ni ba na cikin masu hankalin. Ina da doja mai ruwan hoda, da mai ruwan hoda da ɗigo, da mai ruwan hoda da ɗigon da ke haske a duhu. Ina da mai ruwan lemo, mai ruwan tsanwa, mai launin kankana, mai azurfa a gaba da tagulla a baya, da wanda aka ce yana ɗaukar wani hasken rana da idon mutum ba ya gani amma na kifi yana gani. Wannan na ƙarshe ya fi burge ni, domin babu yadda za a yi in tabbatar ko an cuce ni. Na jera su a garejin gida, kowanne a ƙusarsa, bisa launi. Ran da uwargida ta shigo neman tsintsiya ta tsaya ta ƙare musu kallo, sannan ta ce, "Maigida, ni dai ko da aka kawo ni ba a yi mini jere irin wannan ba." Na ce mata ai jari ne. Ta ce, "To Allah ya kawo riba," da irin muryar da ake yi wa mara lafiya sannu.

Abin haushin shi ne na san gaskiya, na ma fi wasu masu kamun saninta. Kokani ruwan sanyi yake so, wajen digiri 10 zuwa 12 a ma'aunin Salsiyos. Da bazara, saman ruwa bai yi ɗumi ba, yana nan kusa da sama. Idan Yuli da Agusta suka zo, saman tafki ya yi zafi, sai garken ya nutse zuwa iyakar da ruwan ɗumi ya haɗu da na sanyi, ƙafa 40, 60, wani lokaci fiye. Shi ya sa ake amfani da na'urar nutsarwa, wani ƙaramin inji a gefen jirgi mai wayar ƙarfe da dunƙulen dalma na wajen kilo 4. A maƙala igiyar fatsa a wani ɗan maɗauki, a saukar da ita daidai zurfin da na'urar hango kifi ta nuna, kifi na cizo igiyar ta kuɓuce. An kuma ce a ajiye kayan a ɗan saman garken, don kifin ya fi kai hari sama da ƙasa. Idan ka yi kuskuren ƙafa goma, ko dojan zinariya ka ja, wanka kawai yake yi. Na kuma san ruwa yana shanye launi, ja ne ke fara ɓacewa tun ba a yi nisa ba, shuɗi ne ke jurewa. Ke nan wani bambancin da nake biya wa dala goma sha wani abu, a can ƙasa duhu ɗaya ne.

Amma zurfi da sauri ba a sayar da su a kanti. Haƙuri suke so, da sa ido a kan allo, da tashi tun kafin asuba a riski cizon sassafe, da yin lanƙwasa da jirgi don sandar ciki ta rage gudu ta nutse, ta waje ta ƙara gudu ta taso, a ga wacce kifin ya zaɓa, a gyara sauri a kan haka. Wannan aiki ne. Ni kuwa idan na yi minti ashirin ba cizo, zuciyata ba ta cewa "sauka ƙasa kaɗan." Cewa take yi, "da ka sayi mai ɗigon shunayya ɗin nan." Sai in naɗo igiya, in buɗe akwati, in tsaya zaɓe, in kwance, in ɗaura, ƙulli ya ƙi, in sake. Kafin in mayar da fatsa ruwa jirgi ya wuce garken, rana ta ɗaga. Na taɓa lissafawa a raina, kayana sun fi daɗewa a hannuna fiye da a cikin ruwa, kuma har yau ba a taɓa jin kifin da ya yi tsalle ya ciji abu a cikin akwati ba.

Maganar masara kuwa ita ce ta kusa raba ni da mutuncina a gida. Ba kowace masara ba, fara ce mai ƙananan ƙwayoyi dogaye, don ta fi zama a ƙugiya. Masunta ba sa barinta haka, sai sun jiƙa ta ta kwana. Wani da man kifin tuna na gwangwani, wani da tafarnuwa, wani da man jatan lande, wani ya rina ta ja. Ni da na ji ra'ayi ya rabu, sai na bi kowa. Na cika ɓangare guda na firji da ƙananan kwalabe, kowacce da takardar suna da kwanan wata. Wata rana autanmu ya dawo daga makaranta da yunwa, ya buɗe ta tafarnuwa da tuna wadda ta yi mako, ya kai baki. Bai ce komai ba, ya dai je ya tsaya gaban uwarsa yana hawaye. Tun ranar aka kore ni da kwalabena zuwa gareji, abin da ya tilasta mini, kamar yadda kowa zai fahimta, sayen ƙaramin firji.

Idan kuma Allah ya sa kifin ya ciza, sai wani raunin ya fito. Bakin kokani taushi gare shi, fizga kaɗan ƙugiya ta yage shi. Don haka ake amfani da sanda mai laushi, wasu su ƙara guntun ɗanko mai talewa a igiya ya shanye fizgar, a riƙa naɗowa sannu sannu, musamman idan ya iso gefen jirgi ya fara birgima da tsalle. Ina da sandar, har uku. Ina da ɗankon. Abin da ba ni da shi hannu ne mai sanyi. Da na ga walƙiyarsa a ruwa sai in finciko, in tsaya riƙe da doja yana lilo, ina salati.

A shekarar 2010 wani mai suna Ron Campbell ya kama kokani mai nauyin sama da kilo 4 a tafkin Wallowa da ke arewa maso gabashin Oregon, wanda ya zama mafi girma da aka rubuta a duniya. Mutum mai lafiya da ya ji wannan zai ce masha Allah ya wuce. Ni tambayar da ta hana ni barci ita ce, da me ya kama? Ban tambayi zurfi ba, ban tambayi shekara nawa ya yi yana bin tafkin ba.

Akwai labarin da nake lallashin kaina da shi, ko da yake ba na dariya ba ne. A 1949 an zuba wani ɗan ƙaramin jatan lande mai suna maisis a tafkin Kootenay na Kanada, daga baya aka ga kokanin wani sashe na tafkin ya yi girman da ba a saba gani ba. Sai hukumomin kifi na wurare da yawa suka ce sun gano sirri, aka yi ta zuba shi a tafkuna. A jihar Montana an zuba shi a tafkunan da ke saman tafkin Flathead, ruwa ya gangaro da shi, aka fara ganinsa a Flathead ɗin a 1981. Ashe shi ma abincin kokani yake ci, kuma da dare yake tasowa ya ci, gari na wayewa ya nutse can ƙasa inda kokani, mai kiwo da ido da rana, ba ya samunsa. Kafin ƙarshen shekarun 1980 kokanin Flathead ya ƙare, gaggafa masu farin kai da ke taruwa ɗaruruwa a rafin McDonald duk kaka don cin kifin suka watse. Tafkin Pend Oreille na nan Idaho ma ya sha irin wannan wahala. Waɗannan mutane ne masu digiri, suka ga wani ya yi sa'a da wani abu, suka ruga suka samo irinsa ba tare da sun duba yanayin nasu ruwan ba. Idan na tuna haka sai in ji aƙalla ni garejina kaɗai na lalata.

Wanda ya fi ƙona mini rai wani dattijo ne Bature da muke yawan haɗuwa a mashigar jirage ta Anderson Ranch. Jirginsa tsohon gwangwani ne, injinsa sai an lallaɓa. Ina isowa yana fitowa, ya riga ya cika adadin da doka ta yarda, zai je ya karya kumallo. Wata safiya na cire girman kai na gaishe shi, na ce, "Baba, don Allah me kake ja ne haka?" Ya ɗaga sandarsa ya nuna mini. Doja ɗaya ne, fentinsa ya kankare, gefensa ya lotsa, da tuntu mai ruwan hoda wanda rana ta kusa mayar da shi fari. Masarar kuwa daga gwangwani kai tsaye, ko gishiri bai ƙara ba. Ya leƙa jirgina, ya ga akwatuna, ya yi shiru na ɗan lokaci irin na mutumin da aka yi wa tarbiyya. Sannan ya ce, "Yaro, yau suna ƙafa 45. Ka sa a 42, ka riƙe sauri ɗaya, ka zauna a kan hannuwanka."

Na bi maganarsa, kuma ranar na kama kifi har uwargida ta tambaye ni ko saya na yi. Sai dai tun muna tsaye a mashigar, yana magana ina gyaɗa kai, idona na kan dojan. Lotsawar nan ta gefensa, na ce a raina, ita ce ke ba shi wani irin rangaji da sababbi ba su da shi. Kafin ya ja motarsa na bi shi na tambayi sunan kamfanin. Ya ce ya manta, ya daɗe da saya, yana jin ma sun daina yi.

Yanzu haka ina bin kasuwannin 'yan gwanjo na intanet ina neman irinsa. Na samu guda biyu da suka yi kama, suna hanya. Adireshin wani abokina ɗan Maraɗi na bayar don kada akwatin ya sauka a ƙofar gida, shi kuma ya ce ba zai tona ba muddin zan ba shi bandar kifi biyar. Na kuma ware sababbi guda uku daga jeren gareji, na sayo ƙaramar guduma mai kan roba, zan gwada lotsa su da kaina.