Kwana Uku Ko Mako Guda? Ire-iren Fasinjojin Jirgin Nilu

Daga Luksor zuwa Aswan, a kudancin Masar, tafiyar kilomita 200 da 'yan kai ce, jirgin ƙasa yana cinye ta tsakanin hantsi da azahar. Amma tun da Bature Thomas Cook ya fara kai masu yawon buɗe ido kan Kogin Nilu a 1869, aka gano akwai masu biyan kuɗi don a ja musu tafiyar ta yi kwanaki. Jiragen yau otal ne sukutum a kan ruwa, da ɗakunan kwana, da ɗakin cin abinci, da wurin iyo a can saman rufi. Mutanenmu da ke zuwa Alƙahira ganin likita, ko duba yaro a Azhar, ko saro kaya, wasunsu kan ce bari su ma su ɗana.

A teburin sayar da tikiti tambaya ɗaya ake yi wa kowa: kwana nawa? Akwai kwana 3 daga Aswan zuwa Luksor, inda jirgi ke bin ruwa yana gangarawa arewa. Akwai kwana 4 daga Luksor zuwa Aswan, inda yake haurawa. Akwai kwana 7, a je a dawo. Akwai ma doguwa daga Alƙahira har Aswan mai cin kusan mako biyu. Tambayar ba ta da wuya, amma wajen amsa ta halin mutum ke fitowa fili.

Mai Kalkuleta

Wannan bai damu da abin da za a gani ba. Raba kuɗi da kwanaki yake yi. Da ya ga dare ɗaya a tafiyar mako ya fi sauƙi, sai ya biya na bakwai yana murmushi, shi a dole ya cuci kamfani. Sai an tashi yake gano abinci sau uku ne kawai a cikin kuɗinsa. Ruwan gora da lemo ana rubuta su a lambar ɗakinsa. Zuwa haikalin Abu Simbel kuɗinsa daban, shiga kabarin Fir'auna Tutankamun tikitinsa daban, ga kuma ambulan ɗin bakshish, wato tukwicin ma'aikata, wanda shi ma da yawan kwanaki ake lissafa shi. Daga nan hutu ya ƙare. Kullum yana gefe yana mayar da fam ɗin Masar dala, yana mayar da dala naira, yana tsaki. Ba ya fashin shayin la'asar, kuma kofi uku yake sha, wai yana rage asara. Araha dai ba ta ado.

Sarkin Gaggawa

Kwana uku ya zaɓa, ya kuma rantse ba abin da zai wuce shi. Ranar farko ya ga madatsar ruwan Aswan da aka kammala a 1970, ya shiga kwalekwale mai inji zuwa haikalin Filae. Ƙarfe huɗu na dare an buga masa ƙofa, ya shiga bas da kumburarrun idanu zuwa Abu Simbel, kusan kilomita 280 kudu, ya tsaya gaban gumakan Ramsis na biyu, ya juyo. Da yamma Kom Ombo, da asuba keken doki zuwa Idfu, wata asubar kuma yana cikin kwandon balan-balan a sararin Luksor, kafin rana ta yi zafi yana Kwarin Sarakuna. Duk lokacin da jirgi ke tafiya shi barci yake yi, saboda haka kogin da ya biya kuɗi ya gani a hoton wasu ya gan shi. Ya koma gida yana cewa, "Ai mun gama Masar." Ka tambaye shi wane Fir'auna ne ya gina me, sai ya ce duk dai su ne. Washegari ya nemi hutun kwana biyu a ofis, gajiya ta kwantar da shi.

Hajiyar Hoto

Ita awa shida ma sun ishe ta, don dai babu irin wannan tikitin ne. Kwana uku za ta yi, amma akwati uku ta taho da su. Da safe leshi, da rana abaya, da yamma atamfa da gilashin rana. Mai jagora yana bayanin ginshiƙai 134 na babban zauren Karnak, ita tana neman wanda hasken rana ya fi dacewa da mayafinta. Ƙanwarta ce mai ɗauka, kuma ta sha faɗa: "Ke, ki sunkuya mana, ba ki ga kin yanke wa Fir'auna kai ba?" Gwanintarta a gida take bayyana. Hotunan kwana uku za ta riƙa sakinsu ɗaya-ɗaya a WhatsApp har wata guda. Tana ɗakinta tana yanka kuɓewa, kishiyoyin sauri da facaloli suna can suna cewa har yanzu ba ta dawo daga Masar ba.

Mai Shago a Aljihu

Da ƙyar aka shawo kansa ya yarda da kwana uku, bayan ya tambaya ko akwai na yini ɗaya. Jikinsa yana jirgi, ransa yana Kantin Kwari. Za ka gan shi a saman rufi yana ɗaga waya sama, yana zagaye wurin iyo yana neman sabis. Da ya samu, duk jirgin sai ya ji: "Kai yaro, nawa ka sayar? Wa ya ce ka ba da bashi? Ba ni shi a waya!" Turawan da ke shanya a rana suna ɗaga kai, suna zaton mutuwa aka yi. Gonakin rake da itatuwan dabino suna wucewa ta bayansa, bai waiga ba. Abu ɗaya ya burge shi a duk tafiyar, zanin gadon ɗakinsa. Ya murza shi tsakanin yatsu biyu, ya kira ma'aikaci ya tambaye shi ko ya san inda ake sarinsa.

Matsoraci

Mafi gajarta yake so, don a ganinsa duk daren da aka ƙara a kan ruwa ƙarin kasada ne. Tun kafin ya ajiye jaka ya tambayi inda rigunan ceto suke. An gaya masa Nilu ba teku ba ne, babu igiyar ruwa, kuma ana ganin gaɓa hagu da dama. An gaya masa tun da aka gina madatsa kadoji suka koma kudu, a Tafkin Nasir. Ya ce ai kada ba ya karanta taswira. Wani mugun ya ƙara ba shi labarin littafin Agatha Christie na 1937, wanda aka yi kisan kai a cikin jirgin Nilu. A Kom Ombo kuma aka kai shi ɗakin da ake ajiye busassun gawarwakin kadoji na zamanin Fir'auna. Ya dawo jiki a sanyaye, ya buɗe ɗakinsa, sai ga kada a miƙe a kan gado, baki buɗe. Salatinsa har ɗakin injin. Ashe masu gyaran ɗaki ne suka naɗe tawul, yadda suka saba yi wa baƙi don nishaɗi, har da sa masa gilashin mai ɗakin. A dare na biyu ya lura jirgin ma a bakin gaɓa yake kwana, an jera jiragen gefe da gefe kamar motocin haya a tasha, sai ka ratsa ta cikin uku ko huɗu kafin ka taka ƙasa. Ranar sauka shi ne a gaban tebur yana tambaya ko ana ƙara kwana.

Mai Yaji a Jaka

Da ya ji abinci ɗiba-da-kanka ne, sau uku a rana, bai ƙara tambayar komai ba, ya ce a ba shi bakwai. Kwana biyun farko faranti biyu yake haɗawa: ful da gurasa, kofta, shinkafa mai taliya, ya rufe da Ummu Ali. Da aka kawo masa karkade ya kurɓa, ya yi dariya, ya ce zobo ne aka hana shi citta da kanumfari. A rana ta huɗu sai ka gan shi yana zagaye teburin abinci hannu a baya, fuska ba walwala. Tuwo yake nema. A nan yake fito da gwangwanin madara cike da yajin ƙuli, ya ajiye a tsakiyar tebur. Baturen da ke kusa ya nemi ɗanɗano, ya zuba cokali guda a miya, ya ƙare cin abincin yana share hawaye yana ɗaga babban yatsa. Sauran kwanakin lissafin miyar kuka yake yi.

Gwanin Ciniki

A Isna akwai inda jirgi ke shiga wani wuri mai bangon kankare, a rufe ƙofa, a ƙara ruwa ko a rage, sannan ya wuce. Jirage kan yi layi, kuma a nan 'yan kasuwa ke zuwa cikin ƙananan kwalekwale, su ɗaura igiya a jikin jirgi. Daga can ƙasa mutum zai dunƙule jallabiya ko zanin tebur a leda, ya wurgo ta sama hawa huɗu, ta faɗo a gabanka. In kana so, ku yi ciniki da ihu da yatsu, ka sa kuɗi a leda ka jefa masa. In ba ka so, ka mayar. Sauran fasinjoji ɓuya suke yi. Gwaninmu kuwa ya tattare hannun riga, ya buɗe jallabiya, ya ɗaga ta a rana, ya duba ɗinki, ya girgiza kai. Na ƙasa ya ɗaga yatsu goma, shi ya ɗaga biyu. Na ƙasa ya dafe ƙirji ya kira sunan Allah, shi ya yi kamar zai jefo kayan. Har aka buɗe ƙofa ba su daidaita ba. Bai damu ba. Tikitin kwana bakwai gare shi, kuma mai bakwai sau biyu yake bi ta Isna.

Alhaji da Hajiya

Su tun a gida aka fara.

"Alhaji, bakwai za mu yi. Mako guda ba girki, ba baƙi, ba mai cewa gas ya ƙare."

"Haba Hajiya, me za mu yi a ruwa har kwana bakwai? Mu kifi ne?"

"To ai da kai za a yi hira."

"Hirar me?"

Aka sasanta a kan huɗu. A ɗakin jirgi babu zauren da Alhaji zai fita, babu maƙwabciyar da Hajiya za ta leƙa. Daren farko sun gama zancen yara, na biyu sun gama na dangi. A na uku aka tono maganar filin da aka sayar ba da saninta ba. Zuwa na huɗu an shirya, har sun je daren jallabiya da ake yi wa fasinjoji, inda Turawa suka yi ta yaba kayan Alhaji suna tambayar inda ya saya, alhali da su ya zo daga gida.

Malamin Tarihi da Abokinsa

Malam ya so ta mako biyu, aljihu ya tsayar da shi a bakwai. Ya san Howard Carter ya gano kabarin Tutankamun a 1922. Ya san an yayyanka Abu Simbel an ɗaga shi sama tsakanin 1964 da 1968 don kada ruwan madatsa ya cinye shi. Ya san duk wannan, amma sai ya tambayi mai jagora, don a ji ya sani. Shi ne na ƙarshen shiga bas kullum. Abokin da ya rako shi kuwa tun rana ta biyu ya ƙoshi da duwatsu. A Idfu ya kalli bango ya ce, "Malam, wannan ba shi muka gani jiya ba?" Daga nan duk inda aka je inuwa yake nema.

Mai Da-na-sani

Ya ɗauki uku, ya yini yana cewa da bakwai ya ɗauka. In da bakwai ya ɗauka, da tun ran Talata ya fara cewa uku ma sun isa. Yana bin fasinjoji yana tambayar nawa suka biya, kuma duk amsar da ya ji ɓata masa rai take yi. Ɗan'uwansa na jini shi ne mai ba da shawara daga gida, wanda ko kwalekwalen fito bai taɓa shiga ba, amma ya san kamfanin da ya fi, da watan da ya fi, da kuskuren da ka riga ka yi.

Mai Zama

Shi ne kaɗai ya san abin da ya saya. Manyan wuraren da mai uku zai gani da na mai bakwai kusan ɗaya ne: Karnak, Kwarin Sarakuna, Idfu, Kom Ombo, Filae. Abin da ake ƙara wa mai doguwar tafiya shi ne awannin da ba a zuwa ko'ina. Wannan bawan Allah yana da kujera ɗaya a inuwa. Yana kallon manomi da jakinsa, da masunta suna dukan ruwa da sanda don kora kifi cikin raga, da yara suna ɗaga hannu daga gaɓa, yana jin kiran salla daga ƙauyen da bai san sunansa ba. Ba ya tambayar ina aka kai. Yawanci ɗan fansho ne, ko wanda likita ya yi wa kashedi.

Saboda haka kafin ka biya, gwada kanka a gida, ba ko sisi. Bayan la'asar ka ajiye waya a ɗaki, ka fito ka zauna awa guda ba ka aiki kowa ba, ba ka kira kowa ba. In ka iya, sayi bakwai. In minti goma ya yi ka fara laluben aljihu, uku sun ishe ka, ka riƙe canjinka. In kuma ka karanta duk wannan ba ka ga kanka a ciki ba, miƙa wa uwargida ta duba maka. Ba za ta daɗe tana nema ba.