Hanyar Lafiya A Bi Ta Da Shekara, Amma A Koma Dama

Ina da wani kawu, Allah ya ƙara masa lafiya, wanda ya haura shekara hamsin yana tuƙi bai taɓa take ko kaza ba. Da wannan yake tinƙaho a majalisa, kuma gaskiyarsa ce. Abin da bai sani ba shi ne yawan motocin da suka gwabza da juna a bayansa, domin shi a wurinsa madubin mota wajen rataya carbi ne.

Rannan tsautsayi ya sa na bi shi ɗaurin aure daga Kano zuwa Zariya a tsohuwar Peugeot 504 ɗinsa, irin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna. Da hantsi muka tashi. Kafin mu kai Kura, wani mai keke ɗauke da rake ya wuce mu sau biyu: ya wuce, ya tsaya ya sha ruwa, ya sake wucewa har yana ɗago mana hannu.

Na ce, "Kawu, da an ɗan taɓa totur ɗin nan mana."

Ya ce, "Ɗana, gaggawa aikin shaiɗan ce. Hanyar lafiya a bi ta da shekara."

Na ce a raina, lallai kuwa shekarar za mu yi.

Da a gefe yake rarrafensa da sauƙi. A'a, layin hagu ya kama ya yi kane-kane. Tun watan Afrilun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, aka bar layin hagu na tagwayen hanyoyi ga mai son wucewa, amma har yau labarin bai iso wa Kawu ba. Da na waiwaya sai na ga jerin gwano kamar rakiyar amarya: Sharon, Golf, bas, tankar mai, kowa na danna oda yana kunna fitila. Kawu ya ɗauka gaishe shi ake, yana ta amsawa da hannu.

A Kwanar Dangora wani direban haya ya ƙosa, ya kurɗa ta dama, ya sha gaban tirela da ƙyar, fasinjoji na salati. Kawu ya girgiza kai ya ce, "Ka ga yaran zamani ko? Ba sa tausayin rayukan mutane." Ni dai na ja bakina na yi shiru, don ba a gaya wa babba cewa shi ya haƙa ramin.

Lissafin ba mai wuya ba ne. Dokar hanya ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen manyan hanyoyi. Mai tafiya a kan 100 yana cinye kusan mita 28 a daƙiƙa guda. In ya karyo kwana ya tarar da mai 30 a gabansa, tamkar ya tunkari katanga ne da gudun 70. Ko ya taka birki na bayansa ya afka masa, ko ya kauce ya tarar da wani.

Kawu kuwa ba shi kaɗai ba ne, ƙungiya ce guda. Akwai mai tuƙi da waya a kunne, yana cinikin fili, motar na tafiya daidai da yadda cinikin ke tafiya. Akwai sarkin zumunci, wanda zai rage gudu a tsakiyar titi ya gaisa da aboki, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya har da jariri. Akwai kuma mai tattali, wanda tun da aka janye tallafin mai a 2023 yake taka totur kamar mai taka ƙwai, in ya ga gangara ya kashe inji, ya manta birki da sitiyari na wasu motocin da injin suke samun ƙarfi.

Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta matsa wa motocin haya su sa na'urar taƙaita gudu, kuma ta yi daidai, gudun wuce sa'a kisa yake. Sai dai har yanzu ban ji wanda ya ƙera na'urar da za ta riƙa zungurar irin su Kawu ba.

Mun isa Zariya bayan azahar, an ɗaura aure an watse, ko ɓarin goro ba mu samu ba. Kawu ya ce, "Alhamdulillahi, mun dai zo lafiya."

Mai karatu, ba cewa na yi ka tashi sama ba. In kai mai natsuwa ne, Allah ya ƙara maka, amma ka kai natsuwar layin dama, ka riƙa duba madubi, ka bar bayin Allah su wuce.