Dokin Berlin da 'Yar Autata

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da hanyoyin bincike a fannin nazarin halayyar ɗan Adam, kuma babu ajin da ya taɓa fita daga hannuna bai ji labarin dokin nan ba. Na maimaita shi har na san gaɓar da ɗalibai za su tuntsire da dariya.

A birnin Berlin na Jamus, farkon ƙarni na 20, wani tsohon malamin lissafi mai suna Wilhelm von Osten ya ce dokinsa Hans ya iya lissafi. A tambaye shi uku a tara da huɗu, sai ya buga kofato sau bakwai ya tsaya. A 1904 kwamitin mutum 13 ya zauna a kan maganar, ya ce bai ga wata damfara ba. Sai Oskar Pfungst ya zo da tambayar da ta warware komai: idan shi mai tambayar bai san amsar ba fa? Da aka gwada, in mai tambaya ya san amsa dokin yana cin kashi 89 cikin 100, in bai sani ba kuwa kashi 6 kacal. Ashe jikin mutum yake karantawa. Da ya iso lambar da ake jira, mai tambaya kan ɗan saki jiki ya ɗaga kai kaɗan ba tare da ya sani ba, dokin kuma sai ya dakata. A 1907 Pfungst ya wallafa bincikensa.

A nan nake ɗaga yatsa in ce wa ɗalibai su ji tsoron son zuciyarsu fiye da tsoron ƙarya, domin von Osten ba maƙaryaci ba ne, so ne ya rufe masa ido. Su rubuta, ni kuma in ji kaina ya yi girma.

To, bara 'yar autata, wadda ba ta cika shekara huɗu ba, ta fara lissafi. Nakan ajiye mata kwanon dabino da faranti, in ce, "Biyu a tara da uku, nawa ke nan?" Sai ta riƙa ɗaukar dabino ɗaya-ɗaya tana sakawa a faranti, da ta kai biyar sai ta cire hannu. Na gwada huɗu da biyu, ta tsaya a shida. Wallahi a daren nan ban yi barci da wuri ba, ina kwance ina lissafin jami'ar da ta dace da ita. Duk baƙon da ya shigo gidan, kafin a kawo masa ruwa an kawo kwanon dabino.

Uwargida ce ta fasa ƙwan. Tana tankaɗe a tsakar gida, ko ɗago kai ba ta yi sosai ba, ta ce, "Malam, ai ba dabinon take kallo ba, girarka take kallo. Da ta kai wurin sai ka ɗaga gira kamar an yi maka bushara."

Na ce mata, "Hajiya, wannan fa fannina ne." Da bakina na faɗi haka, ni da nake cin abinci da labarin Hans.

Ta ce to a gwada, in koma bayan labule in yi tambayar daga can, ita kuma za ta juya baya. Matar da ba ta taɓa jin sunan Pfungst ba ta tsara gwajinsa tsaf, da rariya a hannu. Na shiga bayan labule na yi tambaya. Shiru, sai ƙarar dabino a faranti: biyar, shida, tara, goma sha biyu. Yarinya ta kwashe kwanon tas, sannan ta zauna ta fara ci.

Mai gaskiya a nan zai sallama. Ni kuwa sai na ce barci take ji. Washegari na ce yunwa ce, dabinon ya ɗauke mata hankali, muka canza zuwa tsakuwa. Rana ta uku na ce labulen ne yake ba ta tsoro. Sau bakwai muka yi, sau ɗaya ta tsaya daidai, kuma ina zargin kazar da ta gifta ce ta sa ta cire hannu. Wannan ɗayan na ɗauka a waya na tura wa dangi a WhatsApp. Shidan kuwa na goge su, wai wayata ta cika.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wannan halin ma yana cikin darasin da nake bayarwa. A 1979 Robert Rosenthal ya raɗa masa suna matsalar durowa: mai bincike ya buga gwajin da ya yi masa daɗi, ya kulle waɗanda suka ƙi a durowar tebur, duniya ta ɗauka abin ya tabbata. Shi Rosenthal ɗin ne tun a 1963 ya raba wa ɗalibai ɓeraye iri ɗaya, ya ce wa wasu nasu masu kaifin basira ne, wasu kuma nasu dolaye, sai ga ɓerayen da aka yaba sun fi saurin gane hanya. Kuma a 2015 da tarin masana suka sake gwaje-gwaje 100 da aka riga aka buga a manyan mujallun fannin, kimanin 36 ne kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi. Lokacin da na karanta wannan, na yi ta girgiza kai ina cewa Turawa ma sun ji kunya. Laifi tudu ne.

Na lura ba a kan yarinyar kaɗai nake haka ba. Na yanke cewa shayi da citta yana buɗe mini kai kafin shiga aji, hujjata ranakun da darasi ya yi armashi; ranakun da na sha na je na yi ta kame-kame kuwa, ɗaliban ne ba su karanta ba. Amma ɗalibi ya kawo mini aikin da ya tambayi mutum 40 kawai, sai in zare jan biro in rubuta masa cewa samfurinsa ya yi kaɗan. Nawa samfurin yarinya ɗaya ce, kuma ni na haife ta.

Von Osten bai taɓa yarda da Pfungst ba. Ya ci gaba da nuna dokinsa ga jama'a, ya mutu a 1909. Da can nakan faɗi wannan da murmushin tausayi, yanzu kuwa nakan wuce wurin da sauri.

Yayana ya ga bidiyon, ya ce in sun zo gaisuwar Sallah sai ya gani da idonsa. Na riga na zaɓi inda zan zauna, gefen da haske zai faɗo a fuskata. Hajiya kuma ta ce ta wanke labulen ta goge.