Jinsunan Masu Kare a Ƙasar Hausa

Masana ilimin dabbobi sun daɗe da rarraba karnuka gida-gida, har ƙungiyar duniya mai rajistar karnuka, wadda mazauninta ke ƙasar Beljiyam, ta amince da jinsi fiye da 300, kowanne da bayanin tsayinsa da launinsa da ɗabi'arsa, amma masu karnukan su kansu ba su samu irin wannan hidima ba, alhali kuwa mafi yawan abin da ke damun kare daga hannun mai shi yake fitowa. A ƙasar Hausa wannan rabo yana da muhimmanci na musamman, domin kare dabba ce da ake son aikinta ake kuma ƙyamar jikinta, ko da yake mazhabar Malikiyya, wadda akasarin jama'a ke bi, tana ɗaukar kare mai rai a matsayin mai tsarki, tana kuma ganin wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau 7 umarni ne na bauta, ba hukuncin najasa ba. An halatta ajiye shi domin farauta da kiwo da tsaron gona, an kuma yi saɓani a kan tsaron gida, har ana ruwaito cewa Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai littafin Risala, ya ajiye kare a gidansa, da aka tuna masa cewa Imam Malik ba ya son haka sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu, zaki ma zai ajiye. A tsakanin wannan buƙata da waccan ƙyama aka samu jinsunan mutanen da za a bayyana.

Na farkonsu shi ne Mai Sarƙa, wato wanda ya ajiye kare domin gadi, ya kuma yi imani cewa zafin kare daga wahala yake samuwa. Ana gane gidansa tun daga bakin layi saboda haushin da ba ya yankewa dare da rana. Karen yana ɗaure a jikin turke da sarƙar da ba ta wuce kamu huɗu ba, ya yi ta zagayawa har ƙasar wurin ta daddaɓe ta yi sumul, mazubin ruwansa kuma, wanda galibi gindin tsohuwar jarka ce aka yanke, yana kife tun hantsi domin sarƙar ta ture shi. Ƙa'idodin wannan mutum uku ne: kada kare ya ƙoshi, kada ya ga baƙi, a kuma riƙa barbaɗa masa barkono a abinci don zuciyarsa ta yi zafi. Abin da bai sani ba shi ne kwikwiyo yana da wani lokaci da masana ke kira lokacin sabo, wato daga mako 3 zuwa kusan mako 12 da haihuwa, wanda a cikinsa yake koyon bambance abin tsoro da abin da ba na tsoro ba, kuma idan ya wuce wannan lokaci a ƙulle sai ya tashi yana tsoron komai, daga akuya har ledar da iska ta kwaso. Saboda haka karen Mai Sarƙa yana yi wa almajiri haushi, ya yi wa mai tallar nono, ya yi wa surukin gidan, har mutanen gida su daina ɗaga kai idan sun ji muryarsa, ranar da ɓarawo ya haura katanga kuwa, da tsokar nama guda yake sayen mai gadin da yunwa ta riga ta karya wa farashi. Idan karen ya yi ɓarna da safe, sai Mai Sarƙa ya dawo daga kasuwa da yamma ya ɗauko dorina, bai san cewa kare yana danganta lada ko horo da abin da ya aikata cikin 'yan daƙiƙoƙin da suka wuce ne kawai ba, don haka darasin da karen ke ɗauka shi ne dawowar maigida masifa ce.

Kishiyarsa a fuska, ɗan'uwansa a sakamako, shi ne Mai Karen Alfarma, wanda ake samu a sababbin unguwannin Kano da Kaduna da Abuja, inda ake jin labarin kuɗin karen kafin a ga karen. Shi ba ya ajiye kare sai mai asali: karen makiyaya na Jamus, wanda jama'a ke kira karen 'yan sanda, wanda aka kafa jinsinsa a 1899, ko Rotwaila, ko Burbul na Afirka ta Kudu, ko kuma, idan arziki ya bunƙasa, ƙaton karen duwatsun Kokesos, mai gashi ninki biyu da ya dace da ƙasar da dusar ƙanƙara ke rufewa. Kare ba ya gumi sai kaɗan ta tafin ƙafa, da haki yake sanyaya jikinsa, don haka ana iya kwatanta halin da wannan dabba ke shiga a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, a cikin kejin da aka rufa da kwano. Ana yi wa karen magana da Turanci, bisa zaton cewa da shi aka yaye shi, ko da kakanninsa Jamusawa ne. Maigidan bai taɓa riƙe igiyarsa ba, domin wanka da abinci da kwashe kashi duk suna wuyan maigadi, wanda albashinsa bai kai kuɗin buhun abincin karen ba, wanda kuma shi kaɗai karen ke ji wa magana, har ta kai idan maigadi ya tafi ganin gida, maigidan yakan zauna cikin mota yana danna oda sai an zo an kama masa dukiyarsa.

Wannan jinsi yana da ƙaramin reshe, shi ne wanda ya sayi kwikwiyo mai laushin gashi a cunkoson motoci, ta tagar mota, bayan mai sayarwa ya rantse cewa uwar daga waje aka kawo ta. Bayan wata shida gashin ya zube, baki ya yi tsini, wutsiya ta naɗe, karen ya fito sak irin waɗanda ke kwana a bakin mahauta, sai maigidan ya riƙa gaya wa baƙi cewa ruwa biyu ne. Wannan ma ya yi sa'a, domin da yawa daga irin waɗannan 'yan kwikwiyo ba sa kai wata shidan, saboda cutar fabo, wadda ke zuwa da amai da gudawar jini mai ɗoyi, tana kashe su cikin kwanaki. Rigakafinta allura ce da ake farawa tun kwikwiyo yana mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan kowane mako 3 ko 4 har ya kai kusan mako 16, kuma ƙwayar cutar tana iya yin watanni a cikin ƙasa, abin da ya sa wanda ya yi maza ya sayo wani ya saka a kejin mamacin yakan yi asara sau biyu, sannan ya ɗora laifin a kan bakin maƙwabta.

Likitan Kansa ya fi kowa kyakkyawar niyya, ya kuma fi kowa cika kushewa. A wajensa zuwa asibitin dabbobi domin kare ɓarnar kuɗi ce da abin kunya, tunda yana da ilimin da ya gada da wanda ya tsinta a majalisa. Idan kirci ya kama kare, wato cutar fatar da wasu ƙananan ƙwari masu haƙa cikin fata ke jawowa har gashi ya zube, sai ya aika garejin kanikawa a ɗebo baƙin mai a shafe karen da shi tun daga kunne har wutsiya, karen ya lashe rabi ya goge rabi a jikin bango. Idan kaska ce sai ya yi masa wanka da fiya-fiya, maganin ƙwarin da ke ratsa fata, ya sa dabba dalalar da miyau da karkarwa, wani lokaci kaskar da karen su tafi tare. Idan ya ga karen ya yi lamo sai ya ɓare masa maganin ciwon jiki na mutane, alhali da yawa daga waɗannan ƙwayoyi suna huda cikin kare ko su lalata masa hanta da ƙoda. Shi ne kuma mai juye masa ragowar miyar da ta sha albasa, wadda ke farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ya ɗora masa dafaffen ƙashin kaza mai tsagewa ya soki hanji. Da zai ɗaga leɓen karen ya duba dasashinsa, ya ga ya yi fari maimakon ja, da ya gane jini ne ya ƙare, ko dai saboda cututtukan da kaska ke ɗauke da su ko saboda tsutsar ciki, wadda ake ba babban kare maganinta kusan duk wata uku a kan kuɗi kaɗan.

Mafarauci yana da matsayi dabam, kuma adalci ya wajabta a ce shi ne ya fi sauran sanin kare, domin yana kiran kowanne da sunansa, ya san mai hanci da mai gudu, yana kuma ba wanda ya kamo zomo ko gafiya kayan cikin nan take, wanda shi ne ainihin horo da lada da littattafan zamani ke koyarwa, ba tare da ya karanta ko ɗaya ba. Irin wannan girmamawa ake gani wajen Buzaye da dogon karensu na Azawak, mai siririn ƙugu da gudun tsiya. Aibin Mafarauci na lokaci ne, domin soyayyarsa da rani take tsiro, ta bushe da faɗuwar ruwan farko, sa'ad da ya koma gona ya bar rundunar ta ci da kanta a juji. Karnukan nan suna cuɗanya da namun daji da karnukan wasu garuruwa, amma kariyar da ya tanadar musu ba ta wuce layar da ya ɗaura musu a wuya ba.

Mai Karya ba ya buƙatar dogon bayani. Karyarsa tana neman barbara kusan sau biyu a shekara, cikinta kwana 63 ne ko kusa da haka, kuma duk da wannan tsari da bai taɓa saɓawa ba, kowace haihuwa mamaki take ba shi. 'Ya'yan sukan ƙare a cikin kwali a bayan gari, ko a hannun yaran unguwa da igiya a wuya, tsofaffin kuma a hannun fataken da ke kai karnuka kasuwar Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke a jihar Filato. Idan aka ce masa likita yana iya cire wa karya mahaifa ko ya fiɗiye namiji, sai ya ce wannan zalunci ne.

Jinsin da ya fi kowanne yawa, ya kuma fi haɗari, shi ne Mai Inkari, wato mutumin da kare ke kwana a ƙofar gidansa shekara biyar, ana zuba masa ƙanzo a kasko kowace safiya, yana raka matan gidan rijiya da yaran gidan makaranta, amma idan aka tambaye shi sai ya ce na yara ne, ko ya ce haka kawai ya liƙe musu. Karen ba shi da suna sai tsawa. Ranar da ya kori ɓarawon awaki, maigidan yakan ba da labari a dandali da “karen nan nawa”. Ranar da ya ciji ɗan maƙwabta kuwa, sai ya rantse a gaban mai unguwa cewa bai taɓa ganinsa ba. Tunda ba shi da mai shi, ba wanda ke kai shi allura, kuma ta wannan ƙofa cutar haukan kare ke shiga gari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kashi 99 cikin 100 ta hanyar kare, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda take kamawa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana shiga da miyau ta bi jijiya a hankali zuwa ƙwaƙwalwa, galibi cikin wata biyu zuwa uku, lokacin da miki ya warke kowa ya manta, kuma da zarar alamu sun bayyana, irin su firgita da kasa haɗiyar ruwa, kusan babu mai tashi. Ba kowane kare mai cutar ke hauka yana cizo ba, wani muƙamuƙinsa ne ke saki ya yi ta dalala kamar ƙashi ya maƙale masa, sai mai tausayi ya zura hannu a bakin don ya ciro.

A irin wannan rana Mai Inkari da Likitan Kansa sukan haɗa kai, a kashe karen a jefar, a ƙona gashinsa a shafa a mikin, a ce magana ta ƙare. Abin da ya kamata shi ne a wanke wurin cizon da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a garzaya asibiti a ranar domin fara allura ba tare da jiran komai ba, karen kuma a tsare shi kwana 10 ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi, idan ya mutu a kai kansa ɗakin gwaji. Rigakafin ba sabon abu ba ne, tun 1885 Luwi Fasto na Faransa ya fara yi wa mutum shi, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos kuma tana sarrafa na karnuka, kuma masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar takan daina yaɗuwa. Ana yi wa kare ita tun yana wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara, kuma a kusa da 28 ga Satumba, ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, asibitocin dabbobi na gwamnati a wurare da dama sukan yi ta kyauta. Duk gidan da ake zuba wa kare ƙanzo, maigidan ya sa masa igiya ya kai shi, ya karɓo katin allura da sunansa a jiki.