Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Inji Mai Yankan Ciyawa da Kansa

Malam Inji,

Da fatan batirinka cike yake. Labarinka ya iso mu nan Hawandawaki ta wayoyin 'yan ci-rani. An ce kamfanin Husqvarna na ƙasar Suwidin ne ya fito da kakanka a 1995, mai aiki da hasken rana, yanzu kuma jikoki kun cika lambunan Turai, kuna kiwo ba makiyayi, in yunwa ta kama ku ku koma wurin caji da kanku. Madalla.

Sai dai kafin wani Alhaji ya ɗauko ka a kwali, ga abin da ke ƙasa. Wai sai an binne maka waya kewaye da fili kafin ka san iyakarka. Malam, mu nan ba a binne iyakar gona a ɓoye. Taku ɗaya ka zarce, sai gaban maigari, da shaidu, da tonon kakan wa ya fara sassabe. Ƙannenka kuwa wai tauraron ɗan'adam ke nuna musu iyaka. To, shi ma sai ya sauko ya rantse.

Wannan mai sauƙi ne. Abin da ya ɗaure mana kai, an ce daddatsa ciyawa kake yi ƙanana-ƙanana, ka bar ta nan ta ruɓe. Ciyawa fa! Wadda ake bi da lauje, a shanya, a ɗaure dami-dami, a ɗora bisa itace don kada dabba ta kai, a jira bazara ta yi tsada, sannan a loda a amalanke zuwa kasuwar Tasawa. Da ita da harawa ake turka ragon Layya. Tambayi mutanen Mayahi in kana ganin ƙari na yi. A nan mai yi wa ciyawa haka sunansa almubazzari.

Ka ma san tohon gawo? Mu kewaye shi muke yi da hauya, mu raine shi har ya girma ya gyara gona. Kai aske shi za ka yi.

Gaskiya dai gurbin da kake nema da mai shi: jar akuyar Maraɗi. Ba ta jiran wutar NIGELEC, igiya da turke sun ishe ta, ƙarangiya ba ta hana ta aiki. Ga nono, ga taki, ga tagwaye, fatarta ma kuɗi ce. Kai me kake haifa?

Don haka yi zamanka inda kake. In kuwa dole sai ka zo, taho da farantin sola, muna da wayoyin da za mu yi wa caji. Kai kuma akwai wuri a zaure.

Naka,
Wani mai akuya a Hawandawaki