Kowa da Nasa Kifin Shak

Bahaushe mutumin tudu ne. Daga Kano zuwa bakin teku a Legas kusan kilomita 1,000 ne, kuma babban kifin da yawancinmu muka tashi da jin labarinsa bai wuce giwan ruwa na Argungu ba. Sai zaman Amurka ya kawo sabon yayi. Daga yankin Lanham a jihar Maryland, jirgin sama na kai mutum birnin Nassau na Bahamas cikin kamar awa uku, wanda ba ya sauri kuma ya hau jirgin ruwan shaƙatawa a tashar Baltimore. Can za a goya masa tukunyar iska, a ɗaura masa tabarau da takalmin agwagwa, a tura shi ƙarƙashin teku ya gaisa da kifin shak. Labarin kuwa sai an dawo ake sauke shi, a farfajiyar masallacin Diyanet da ke titin Good Luck bayan an sauko Juma'a, ko a wajen walimar suna. Shak ya haura iri 500 a duniya. Masu ganinsa ba su kai haka ba tukuna, amma suna ƙoƙari.

Na kan gaba shi ne Jikan Sarkin Ruwa. Tun a filin jirgi yake sanar da jama'a cewa kakansa na wajen uwa ya zauna da Sarkawan Yawuri, shi kansa kuma ya taɓa halartar su a Matan Fada. Da bincike ya yi nisa aka gano a kan gaɓa ya tsaya yana gadin takalma. Mai koyarwa na bayani: kada ka kuskura ka riƙe numfashi, domin a zurfin mita 10 matsin ya ninka na doron ƙasa, iskar da ke huhunka kuma kumbura take yi idan kana hawowa, ka hau a hankali, ka dakata minti uku a mita biyar. Shi kuwa hamma yake, yana cewa, "Mu da ruwa ai gado ne." Shak na farko na giftawa, sai ga gado ya koma haki. Iskar da ta ishi kowa har ƙarshen nutso shi ya zuƙe ta tun ba a je ko'ina ba, aka hawo da shi riƙe da hannun mai koyarwar. Har gobe ya dage cewa tukunyarsa ce ba a cika ba.

Sai Mai Gishiri, wanda a kansa dole a yi adalci. Tabarau na nutso na nuna abu ya fi girmansa da kusan kashi ɗaya cikin uku, ya kuma matso da shi kusa. To, wannan kason na Allah ne. Sauran nasa ne. Abin da ya gani wani shak ne malalaci da ke wuni kwance a ƙarƙashin dutse, ko ɗaga kai bai yi ba. A kan kwalekwale tsawonsa mita biyu ne. A otal ya zama uku. Kafin a sauka a filin jirgin Baltimore ya buɗe baki, a Lanham ya yi haƙora jere bakwai ya biyo shi a guje, shi kuma ya dube shi ido cikin ido ya karanta abin da ya sawwaƙa. Ranar da labarin ya isa zauren WhatsApp na dangi a Funtuwa, kifin ya riga ya haɗiye Bature guda da kyamararsa. Matarsa, wadda a gabanta aka yi komai, ba ta ƙaryata shi. Shinkafa kawai take ƙara wa baƙi.

Akwai Dakta Mai Ƙididdiga, kuma shi na fi jin daɗin zama da shi. Ya san cewa taskar bayanan da gidan tarihi na Florida ke ajiyewa na nuna cizon shak ba tare da tsokana ba kamar 70 ne a shekara a duk duniya, masu mutuwa da ƙyar su wuce 10, alhali wani bincike na 2013 ya ƙiyasta cewa mu muna kashe shak kusan miliyan 100 duk shekara. Ya san fim ɗin Jaws na 1975 ne ya ɓata wa kifin suna, tashar Discovery kuma ta ɗora da makon shak tun 1988. Har yana tuna shekarun da take liƙa ƙaton kan shak na balambalan a jikin tsohuwar hedikwatarta a nan Silver Spring. Zai rantse maka cewa tuƙin safe a kan titin Beltway ya fi nutso haɗari, kuma ba na musu. Ka ce masa, "To, Dakta, bismillah," sai kunnensa ya fara ciwo. Tun da ya ji an kama shak mai tsawon ƙafa takwas a bakin kogin Potomac a 2010, ko kwalekwalen yara bai sake hawa ba.

Mai Hoto bai ga shak ba, kyamararsa ce ta gani. A ƙasan ruwa ɗaga babban yatsa na nufin "mu hau sama", shi kuma ya saba ɗaga shi a kowane hoto tun daga bikin saukarsa. Sau biyu ana katse wa mutane nutso saboda shi.

Wadda ba ta taɓa ganin teku ba amma ta fi kowa tasiri ita ce Hajiya Babba, can Katsina. Ƙanwa ce ta kai mata hoton ɗanta a ƙarƙashin teku. Ƙarfe huɗu na asuba agogon Maryland wayar ke ƙara. "Kai, me ka ajiye a cikin ruwan nan? Karatu muka tura ka ko su? Mutanen ɓoye na zaune a gidansu lafiya, ka bi su har ɗaka?" Ɗa mai digiri uku zai fara kawo alƙaluman Dakta, ta ce, "Su goman da aka cinye, ba su da uwaye ne?" Washegari an yi sadakar waina, an sa almajirai sauka, an kuma ƙunso tofi sai an sami mai zuwa. A ganina ita kaɗai ce a duk jerin nan ke da hujjar da ba a amsa ba.

Ɗan Tattali ya duba kuɗin tikiti da otal da hayar kaya, ya ce sa kai ya fi bauta ciwo. Ya kwashi yara zuwa babban gidan kifi na Baltimore, tafiyar da ba ta kai awa ba, ya tsaya bayan gilashi ya ƙare wa shak kallo, babbar rigarsa ko ɗigo. Asabar ta gaba ya nufi gaɓar Calvert Cliffs, inda ruwa ke wanko haƙoran shak na miliyoyin shekaru, har da na ƙaton nan megalodon da aka rataye siffarsa mai tsawon ƙafa 52 a gidan tarihi na Smithsonian a 2019. Ya tsinci ɗaya ɗan ƙil, ya rataye a madubin mota. Yanzu rabin masallaci na tambayarsa wane malami ne ya ba shi.

Akwai kuma wata baiwar Allah, ma'aikaciyar jinya, da ta yi kwas ɗinta shiru a tafkin unguwa, ta karɓi takardar nutso zuwa mita 18, ta sa hijabin ruwanta ta sauka, shak uku suka kewaye ta suka wuce. Maigida na kan kwalekwale yana tsaron jaka. A walima shi ke ba da labarin, kuma da "muka" yake farawa.

Shi kuwa Alhaji Mai Romo ya shiga, ya gani, bai firgita ba ko kaɗan. Tun a ƙasa yake auna naman da ido. Ya riga ya tabbatar wa kansa cewa a mazhabar Malikiyya duk dabbar teku halal ce, saura batun yaji. Yana cire abin numfashi daga baki ya tambayi jagora ko nawa ne kilo. Jagora ya ce tun 2011 Bahamas ta haramta sana'ar kamun shak da cinikinsa a ruwanta, domin mai rai ya fi kawo mata kuɗin baƙi. Alhaji ya yi jim, ya juyo ga abokin tafiyarsa.

"Wato dala ɗari da wani abu muka biya don mu ga nama ya wuce?"