Dala Ba Dutse Ba Ce, In Ji Surukata

Bakano ba ya sanin ƙasarsa shimfiɗaɗɗiya ce sai ya bar ta. Daga Bompai ka bi ta Sharada har Challawa, babu tudun da zai sa mai keke ya sauka ya tura, in ban da gadojin sama da aka yi mana daga baya. Abin da muke da shi na dutse Dala ce da Goron Dutse, kuma duk wanda ya taɓa hawa Dala yana yaro, har ya tsufa kallon mahayin duwatsu yake yi wa kansa.

Jima ce sana'ata. A wata masana'antar fatu da ke Challawa na koyi aikin ganguna da haɗa sinadari, har rashin wuta da tsadar dizal suka mayar da aiki yau a yi gobe a rufe. Da aka nemi wanda ya san fatar akuya da ta tumaki a wata majema a garin Mojo na ƙasar Habasha, kimanin kilomita 70 daga Addis Ababa, ban tsaya dogon shawara ba. Iyali suka biyo ni, daga baya surukata Hajiya ta zo ganin jikoki. Saboda ita na shirya yawon buɗe ido zuwa dutsen Entoto, wanda ya tokare Addis Ababa ta arewa, don a san 'yarta ba wahala ta zo sha ba.

Na yi ciniki da direban wata ƙaramar bas, na ɗaga masa yatsu takwas, ya gyaɗa kai. Da sassafe muka gama shiri. Na sha shadda, babbar riga da 'yar ciki da wando, sitaci har ƙara yake, na kafa hula, don hoton da zan tura wa tsofaffin abokan aiki a Challawa. Takwas ta wuce, goma ta wuce. Yara suka fara da dafaffen ƙwai, suka gangara kan dambun nama. Direba bai iso ba sai biyun rana, fes da shi, yana nuna mini agogo yana jiran yabo. Mutanen Habasha daga asuba suke fara ƙirga awoyi, bakwai na safe ita ce ƙarfe ɗaya a wurinsu, don haka takwas ɗinsa biyun ranarmu ce. Ƙasar da shekararta wata 13 ce, kalandarta kuma tana bayan ta Turawa da shekara bakwai zuwa takwas, ba a yi mata gardama kan awa shida.

A gindin dutsen akwai kasuwar Shiro Meda, inda ake sayar da gabi, wani farin mayafin auduga mai kauri, saƙar hannu. Uwargida ta ce a tsaya.

Na ce, "Maman yara, watan Agusta ne fa. Wa ke sayen bargo da damina?"

Ta ce, "Malam, ai kuɗina ne."

Da mota ta ɗan yi nisa a hawa, na sa direba ya tsaya, na ce mu ƙarasa da ƙafa yara su ga yadda ubansu ya hau Dala. To, Kano ba ta wuce mita 500 sama da teku ba. Addis Ababa ita kanta tana wajen mita 2,400, ƙololuwar Entoto kuwa ta kai 3,200. A irin wannan tsayi, iskar da ke cikin kowane numfashi ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Babu wanda ya kai wa huhuna wannan labari, sai da muka yi tafiyar da ba ta fi daga bakin titi zuwa ƙofar masana'anta ba.

Ƙirjina ya fara kiɗa, ƙafafuna suka ce su ba da su aka yi wannan shawara ba. 'Yan tseren gudu, waɗanda ke atisaye a nan don su je su kwashe zinare a duniya, suka wuce mu suna hira. Mata masu dakon itace suka gangaro da ɗaurin itacen turare a baya, irin bishiyar da aka kawo daga Ostareliya zamanin Sarki Menelik, ɗaurin ya fi faɗin ƙofar zaure. Hajiya kuwa, haifaffiyar Riruwai, tana gaba da carbi a hannu ɗaya, buta a ɗaya.

Kowa ya san suruki ba ya haki a gaban surukarsa. Sai na durƙusa ina gyaran takalmi.

Auta ya ce, "Baba, takalminka ba shi da igiya fa."

Na miƙe, na rungumi wata bishiya ina nazarin ɓawonta, tunda majemi yana da hakkin duba ɓawo.

Hajiya ta waiwayo. "Malam, ko a kira motar?"

"A'a Hajiya, ikon Allah nake kallo."

"To Allah ya ba da ikon kallo. Ita Dalar taku da kake faɗa, a Riruwai ai suri za a ce mata."

Da taimakon Allah da kafaɗar babban ɗana muka kai. A saman akwai tsohuwar fadar Menelik, ɗakuna masu rufin ciyawa, kusa da cocin Maryam inda aka naɗa shi sarkin sarakuna a 1889. Shi ne ya karya rundunar Italiya a Adwa a 1896. Mai yi wa baƙi bayani ya ce matarsa Taytu ce sanyin dutsen ya ishe ta, a 1886 ta sauka ta gina gida kusa da maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Filwoha, kuma daga wannan gida birnin Addis Ababa ya tsiro.

Bai rufe baki ba hadari ya sauko, ba daga sama ba, daga gefe, don mu ma a cikin gajimaren muke. Ruwa ya ɓarke da ƙanƙara. Sitaci ya narke, babbar riga ta manne a jikina, hula ta kwanta. Na karɓi butar Hajiya don alwalar la'asar, ruwan ya taɓa hannuna, na fara tuno babin taimama. Uwargida ta miƙo gabi ba tare da ta ce uffan ba. Na karɓa saboda kada a ce na raina kyauta, na ƙara da na auta saboda yaro jininsa da zafi.

Ta ce, "Ka dai ji da kunnenka, Malam. Sarkin da ya kori Turawa ma, da matarsa ta ce a sauka, sauka ya yi."

Hoto dai sai da na tsaya aka ɗauka, a daidai inda aka ce ana hango birnin gaba ɗaya. Babu birni, sai fari fat. Da dare na tura shi zauren WhatsApp na mutanen Challawa. Wani ya ce wannan ai bayan Sharada ne da hunturu, kada in raina musu hankali. Tsohon shugaban sashenmu kuwa, mutum mai ladabi, ya duba wanda ke lulluɓe cikin farin mayafi ya rubuto: "Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, a gaishe ta. Amma kai kana ina a hoton?"